Jagora Kan Raba Ruwan Sha da Gubar Dalma da 'Yan'uwanta

Malaman fiƙihu, Allah Ya saka musu da alheri, sun daɗe da shimfiɗa mana ƙa'idar gane ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi, suka rataya hukuncin ga siffofi uku, wato launi da ɗanɗano da ƙamshi, ta yadda muddin wani baƙon abu bai jirkita ɗayansu ba, to ruwan yana nan bisa asalinsa. Wannan ƙa'ida kuwa ta wadatar ƙwarai a babin ibada, ba ta buƙatar gyaran kowa. Amma babin lafiyar jiki wani babi ne dabam, domin akwai wasu ma'adinai masu nauyi waɗanda kan narke cikin ruwa su ɓace sarai, ba su canza masa launi, ba su taɓa ɗanɗanonsa, hanci kuma bai isa ya ji su ba, alhali ɗan miƙdarin da ido ba ya gani daga cikinsu ya isa ya daƙile ƙwaƙwalwar yaro, ya lalata ƙodar babba. Shugabarsu a ƙasarmu ita ce dalma, sai zaiba wadda masu haƙar zinariya ke kama gwal da ita, sai kuromiyam na masana'antun jima, sai kadmiyam, sai kuma arsenik, wanda masana ke lissafawa tare da su ko da yake shi ba cikakken ƙarfe ba ne.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa suka tarar da yara ƙanana suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, da aka tsananta bincike kuwa sai ya tabbata cewa duwatsun zinariyar da ake kawowa gida a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe, cike suke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka tashi da gubar a jininsu. A 2015 irin wannan musiba ta sake aukuwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja. Wajibi ne a faɗi gaskiya tun daga nan, cewa mafi yawan gubar da ta kashe waɗannan yara ta ƙura da ƙasa ta shiga jikinsu, saboda haka babu wani matacin ruwa da zai maye gurbin fitar da niƙan dutse daga cikin gari da kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Sai dai ƙurar nan ita ce ke faɗawa buɗaɗɗun rijiyoyi, ita ce kuma ruwan sama ke wankewa zuwa kududdufai, don haka ruwa ma yana da nasa kason.

Wasu ƙasashen sun riga mu ɗanɗana wannan ɗaci. A Jafan an gano cutar Minamata a 1956, sababinta kuwa zaibar da wata masana'antar sinadarai ke zubarwa cikin teku, ta taru a jikin kifi, masunta suka ci. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin tuƙa-tuƙa da kyakkyawar niyyar raba jama'a da ruwan tafki mai kawo gudawa, sai a 1993 aka tabbatar ruwan ƙarƙashin ƙasar yana ɗauke da arsenik na halitta, wanda babu hannun ɗan Adam a zuwansa. A gida kuma, duk wanda ya san Kano ya san abin da ke gangarowa daga masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai zuwa kogunan da manoman rani ke ban ruwa da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade haddin da bai kamata ruwan sha ya ƙetare ba: dalma maikurogiram 10 cikin kowace lita, arsenik 10, zaiba 6, kadmiyam 3, kuromiyam 50. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar abin, maikurogiram 10 cikin lita ɗaya daidai yake da giram 10 cikin lita miliyan ɗaya, wato jarka 40,000 masu cin lita 25. Kuma ko wannan haddin na dalma ba wai an tabbatar da amincinsa ba ne, domin hukumar ta bayyana cewa ba a san wani miƙdarin dalma a jini da ba ya cutarwa ba, cikin yaro kuma yakan zuƙi ninki huɗu ko biyar na abin da cikin babba ke zuƙa. Tafasa ruwa, wanda yake magani ne mai girma ga ƙwayoyin cuta, ba ya taɓa waɗannan ma'adinai ko kaɗan, bal ma ƙara musu kauri yake yi, tunda ruwan ne ke tashi tururi su kuwa suna zaune a gindin tukunya. Tacewa da ƙyalle ba ta kama su, sinadarin kulorin ma haka.

Hanyar da ta fi sauƙi ga talaka ita ce a bi da ruwan ta cikin wani busasshen abu mai yawan ƙofofi, wanda ɗabi'arsa ce ya riƙe gubar a jikinsa ya saki ruwan ya wuce. Hikimar abin kuwa ita ce, ma'adinin da ya narke a ruwa yana yawo ne a matsayin ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, fuskar abin tacewar kuma tana da gurabe da ke janyo su, sai su manne mata kamar yadda ƙarangiya ke manne wa wandon matafiyi. Kuma kamar yadda wandon da ƙarangiya ta rufe ba shi da sauran wurin da wata za ta kama, haka gurabun nan ƙididdigaggu ne, ranar da suka cika aikin ya ƙare. Wani masani ɗan Amurka, Irving Langmuir, shi ya tsara lissafin wannan cikar gurabe a 1918. Daga nan ake fitar da sharuɗɗa uku da dukan wannan sana'a ta doru a kansu: abin tacewa ya dace da irin gubar da ke cikin ruwan, a ba su isasshen lokacin haɗuwa, a kuma sauya shi kafin ya ƙoshi. Na uku shi ne wanda aka fi gafala da shi, shi ne kuma mafi hatsari.

Farkon aiki dai shi ne awo, domin wanda ya gina mataci bai san abin da ke cikin rijiyarsa ba, bisa zato yake tafiya, zato kuwa ba ya wadatarwa inda ake neman yaƙini. Sassan ilimin sinadarai na jami'o'inmu, kamar Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa da ke Basawa a Zariya, su ne irin wuraren da ake nufa da wannan buƙata. A fara zuwa a karɓi kwalbar roba daga gare su, domin sukan ɗiga wa ruwan asid kaɗan don kada ma'adinin ya manne jikin kwalbar a hanya a sami sakamakon ƙarya. Idan tuƙa-tuƙa ce a buga ta 'yan mintoci kafin a tara, a rubuta sunan rijiyar da kwanan wata a jikin kwalbar, a kuma auna sau biyu, da rani da damina, saboda ruwa ba ya zama a hali ɗaya duk shekara. Akwai tambaya ɗaya da ya wajaba mai kai ruwa ya yi ba tare da jin nauyi ba, ita ce ko na'urarsu tana iya ganin dalma har zuwa maikurogiram 10, domin wasu na'urorin ganinsu bai kai nan ba, sai a rubuta wa mutum cewa ba a ga kome ba, ya koma gida da farin ciki alhali ruwansa ya ƙetare haddi. Idan awo ya nuna gubar ta yi yawa ainun, kuma akwai wata rijiyar mai aminci ko da da nisa, to barin gurɓatacciyar ya fi kowace dabara.

Bayan awo sai kwantar da laka. Kaso mai yawa na dalmar ruwan kududdufi da buɗaɗɗiyar rijiya yana manne ne ga ƙurar da ke yawo a ciki, don haka wanda ya kwantar da laka ya riga ya rage wa matacinsa rabin wahala, ya kuma tsare shi daga toshewa. Alam ɗin da ake sayarwa a kasuwa yana yin wannan aiki, haka ma 'ya'yan zogale, waɗanda matan ƙauyukan Sudan na bakin kogin Nilu suka daɗe suna gyara ruwa da su: a ɓare busassun 'ya'yan, a daka su lilis, a dama garin ƙwaya ɗaya ga kowace lita idan ruwan ya yi jawur, ko ga lita biyu zuwa huɗu idan lakar kaɗan ce, a juya da sauri minti ɗaya, a ci gaba da juyawa sannu a hankali minti biyar, sa'an nan a bar shi sa'a ɗaya ko biyu, a tsiyaye na sama. Lakar da ta kwanta guba ce, kada a watsa ta a tsakar gida.

Ga dalma da kadmiyam, ban san wani abu da ke hannun jama'armu wanda ya fi gawayin ƙashi ba. Kimanin kashi 70 cikin 100 na jikinsa wani ma'adini ne na kalsiyam da fosfet, dalma kuwa tana da tsananin ƙauna ga fosfet, idan suka haɗu sai su ƙulla wani sabon ma'adini wanda da ƙyar yake narkewa. Wannan ɗabi'a ɗaya ita ce sababin da ya sa dalmar da ta shiga jikin mutum take tarewa cikin ƙasusuwansa da haƙoransa shekaru masu yawa, sai ga shi abin da yake illa a jiki ya zama fa'ida a bokiti. A garin Nakuru na Kenya an daɗe ana ƙona ƙashi da yawa domin cire fuloraid daga ruwa, saboda haka sana'ar sananniya ce, ba sabon ijtihadi ba ne. Mas'alar tsarki kuma a warware take, domin a mazhabarmu ta Malikiyya ƙashin dabbar da aka yanka bisa shari'a mai tsarki ne, na mushe ne najasa. Sai a nemi ƙashin shanu daga mahauta a kwata, a bar na bola da na daji wanda ba a san asalinsa ba.

Yadda ake sarrafa shi kuwa, a dafa ƙasusuwan har kitse da sauran nama su rabu da su, a kankare, a shanya su bushe ƙarau. Sa'an nan a cika ƙaramin duro na ƙarfe da su, wanda ba a taɓa zuba fenti ko maganin ƙwari a ciki ba, a rufe da murfi mai 'yan hudoji kaɗan, a hura masa wuta ta kewaye a bayan gari, domin hayaƙin farko yana da kauri da ɗoyi. Zafin da ake nema tsakanin digiri 350 ne da 500, ba tare da iska ta shiga ba sai 'yar kaɗan. Idan hayaƙin ya yanke sai a liƙe hudojin da yumɓu, a janye wuta, a bar duron ya kwana ya huce, domin wanda ya buɗe shi da zafi iska za ta cinye masa aikinsa. Da safe launi ne zai ba da shaida. Wanda ya fito fari fat wuta ta yi masa yawa, ƙofofinsa sun rufe, ƙarfinsa ya ragu. Wanda ya fito baƙi ƙirin yana maiƙo bai gama ba, zai sa wa ruwa ƙarni da launi. Wanda ake so shi ne mai launin toka da ya karkata zuwa ƙasa-ƙasa, mara wari, mai karyewa ƙas a hannu. A daka shi a turmin da aka keɓe, a tankaɗe da rariya biyu, a riƙe abin da girmansa ke tsakanin milimita 1 da 2, domin gari yana toshe hanya, manyan gutsattsari kuma ruwa kan wuce su a guje. Daga nan a yi ta wanke shi har ruwan wankin ya fito garau.

Arsenik kuwa gawayin ƙashi ba ya kama shi yadda ya kamata, abokiyar gabarsa ita ce tsatsa. A Nefal, a farkon shekarun 2000, masana suka ƙera wani mataci mai suna Kanchan, wanda asirinsa bai wuce kilo 5 na ƙusoshin ƙarfe da aka zuba a daro mai hudoji bisa yashi ba: ruwa da iska suna sa ƙusoshin tsatsa, tsatsar tana kama arsenik, yashin ƙasa kuma yana tare ɓurɓushin tsatsar. A Bangaladash kuma Abul Hussam, malamin sinadarai haifaffen Kushtiya, ya tsara matacin SONO na bokitai biyu bisa wannan asasi na ƙarfe, har aka ba shi kyautar dala miliyan ɗaya a Amurka a 2007. Wanda zai yi koyi da su ya nemi baƙar ƙusa mai yin tsatsa, ya guji farar ƙusar rufin kwano, domin an shafe ta da tutiya, ba ta tsatsa, shafen kuma yana iya ɗauke da tasa gubar. Ya wanke ƙusoshin da sabulu da ruwan zafi don man masana'anta ya fita, ya jera fasassun jan bulo a kansu don kada zubar ruwa ta tarwatsa su, ya kuma bar daron yana tsiyayewa tsakanin zubi da zubi don iska ta riske su. Sau ɗaya a shekara a fitar da su, a farfasa waɗanda suka dunƙule. Ƙarfen yana da wata fa'ida ta biyu, ita ce yana juyar da mugun nau'in kuromiyam zuwa nau'in da ke kwantawa ya rabu da ruwa.

Game da gawayin itace, ya kamata a rage masa yabon da ake yi masa. Gawayin girki yana gyara wari da ɗanɗano, amma ƙarfinsa kan dalma kaɗan ne. Wanda masana ke yabo shi ne gawayin da aka sake gasawa da tururi a zafin digiri 800 zuwa 900, galibi daga ɓawon kwakwa, har ƙofofinsa suka buɗe ta yadda faɗin fuskokin giram ɗaya kan kai murabba'in mita 1,000. Wannan aikin masana'anta ne, saye ake yi, kuma nau'insa da aka haɗa da farar wuta shi ne ake nema domin zaiba. Kada kowa ya ce zai sarrafa shi a gida da asid. Haka kuma ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da totuwar masara da ƙwallon goriba, waɗanda ɗalibanmu suka rubuta kundaye masu yawa a kansu, haƙiƙa suna kama ma'adinai a cikin kwalbar gwaji, inda ruwa tsantsa ne kuma gubar iri ɗaya ce. Amma ɗanyensu yana ruɓewa a bokiti ya zama gidan ƙwayoyin cuta, ni kuwa ba na ganin halascin a shayar da yaro ruwan da su kaɗai suka tace, sai awo ya yi musu shaida.

Ginin matacin ba shi da wuya. A nemi bokitai biyu na roba masu cin lita 20, sababbi ko waɗanda abinci kaɗai aka taɓa zubawa, a ɗora ɗaya bisa ɗaya a kan katako. Na sama shi ne mai yashi wankakke bisa shimfiɗar tsakuwa, shi ne kuma mai daron ƙusa idan awo ya nuna arsenik ko kuromiyam. Na ƙasa a fara masa da tsakuwa kamar yatsa uku, a bi da yashi mai kauri yatsa biyu, sa'an nan lita 10 na gawayin ƙashi, wato kimanin rabin bokitin, a rufe da yashi yatsa biyu, a aza faifan roba mai hudoji a sama don ruwa ya sauka yayyafi, kada ya haƙa rami. Hanyar fita a gindi take, amma sai a sa mata tiyo, a lanƙwasa shi ya hau ta waje har bakinsa ya ɗara saman gawayin kaɗan, domin da haka gawayin zai dawwama cikin ruwa. Idan ya bushe yakan tsage, ruwa kuma ya bi tsagar ya fita ba tare da ya taɓa kome ba. Kan famfon da za a sa a bakin tiyon ya zama na roba, domin na farin ƙarfe da na tagulla sau da yawa akwai dalma cikin haɗinsu, haka ma duk abin da aka liƙe da dalmar masu gyaran rediyo. Bokiti biyu ko uku na farko a zubar da su.

Sai mas'alar lokaci, wadda ita ce ke gwada haƙurin mutanen gida. Ana so ruwa ya yi kamar rabin sa'a yana cuɗanya da gawayin, saboda haka mataci mai lita 10 na gawayi bai kamata ya ba da fiye da lita 20 cikin sa'a ɗaya ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a tara robar ruwa mai cin santilita 75 a bakin famfo, idan ta cika kafin minti biyu to gudun ya yi yawa, a matse famfon. Uwargida mai sauri za ta so ta buɗe shi duka, yaran da aka aika ma haka, don haka ya fi kyau a sa matsi na dindindin a cikin tiyon, a riƙa cika matacin da dare, a wayi gari randa ta cika. A kuma lura da tsamin ruwa, abin da masana ke aunawa da ma'aunin pH, wanda 'yar takardar awonsa ba ta da tsada: dalma da kadmiyam sun fi kamuwa idan yana tsakanin 6 da 8, ruwan da ke fitowa daga ramukan haƙar ma'adinai kuwa yakan yi tsami ƙwarai, har ya iya kwance gubar da mataci ya riga ya kama ya tafi da ita. Irin wannan ruwa sai an fara bi da shi ta cikin tsakuwar farar ƙasa.

Yanzu mun zo ga sharaɗi na uku, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Matacin da ya ƙoshi ba ya nuna wata alama. Ruwansa garau yake fita kamar ranar farko, sanyinsa bai canza ba, mutanen gida kuma sun saki jiki, sun daina ɗebo wa jariri ruwa daga rijiya mai nisa saboda sun amince da shi, alhali gubar tana wucewa cikakkiya, wani lokaci ma har da ƙarin wadda ya tara a baya. A nan ne lissafin takarda ke yaudarar masu ilimi. Alal misali, gidan da ke shan lita 40 a yini daga ruwa mai maikurogiram 100 na dalma cikin lita, wato ninki goma na haddi, abin da ke shiga matacinsu miligiram 4 ne a yini, wanda bai kai giram ɗaya da rabi a shekara ba. Wanda ya gwada wannan da ƙarfin da aka auna wa gawayin a ɗakin gwaji sai ya ce matacin zai yi shekaru ba adadi. Amma ruwan rijiya ba dalma kaɗai ya ɗauko ba, yana tafe da kalsiyam da ƙarfe da tutiya da dattin ganye, dukansu suna gasar gurabe ɗaya, kuma sun ninka dalma yawa nesa ba kusa ba, don haka gurabun kan cika tun da sauran lokaci mai tsawo bisa lissafin.

Mafita ita ce littafi da awo. A rataye ɗan littafi kusa da matacin, a riƙa rubuta adadin bokitan da aka zuba kowace rana. A kai ruwan da ya fito awo bayan mako na farko, don a tabbatar ginin ya yi daidai, sa'an nan duk bayan wata uku. Ranar da awo ya nuna gubar ta fara leƙowa, ko da ba ta kai haddi ba, a duba littafin a ga bokiti nawa aka zuba, wannan shi ne ajalin gawayin ga wannan rijiya takamaimai, ba ga wata ba. Daga nan gaba a riƙa sauya shi idan an kai kashi biyu cikin uku na adadin. Masu manyan matatun ruwa suna da wata dabara da ta cancanci koyi, ita ce jera matatai biyu, ruwa ya bi na farko ya faɗa na biyu, a riƙa ɗibar na awo a tsakaninsu. Idan na farko ya ƙoshi na biyu yana nan yana tsare da gida, sai a matsar da shi gaba a sa sabo a bayansa. Kuɗin awo yana da nauyi ga gida ɗaya, amma idan unguwar da ke shan rijiya ɗaya ta haɗa hannu, aka damƙa littafin ga mutum ɗaya mai amana, kamar ladan ko malamin asibitin ƙauye, nauyin kan yi sauƙi.

Tsohon gawayin da aka cire ya zama ma'ajiyar duk gubar da aka tsare wa iyali, don haka zubar da shi amana ce. Kada a kai shi gona da sunan taki, ko da yake fosfet ɗinsa zai jarabci manomi. Kada a bar kaji su tsattsage shi. Kada kuma a ƙona shi, domin zaiba tana tashi da hayaƙi, dalma kuma tana zama cikin toka iska ta raba wa maƙwabta. A kwaɓa shi tun yana da danshi da siminti mai yawa, tare da tsohon yashin da tsatsar ƙusa da lakar da aka tara, a zuba a mazubin bulo ya daskare, a binne a tudu inda ruwa ba ya kwanciya, aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, mai aikin kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci. Sa'an nan a sani cewa wannan mataci na ma'adinai ne, ba a dogara da shi wajen kwalara da taifod, saboda haka ruwan da ya fito a tafasa shi ko a sa masa kulorin, kuma bayan tacewa ake sawa, domin gawayi yana shanye kulorin idan aka gabatar da shi.

Yaron da ya riga ya sha gubar, tace ruwa ba ya fitar da abin da ke jininsa, sai an kai shi asibiti an auna jinin, akwai kuwa maganin da likitoci ke bayarwa, wanda da shi aka ceci yara masu yawa a Zamfara. Ina kira ga dagatai da limamai da shugabannin masu haƙar zinariya da na masu fasa tsofaffin batura, duk wanda rijiyar jama'arsa take kusa da wurin wankin dutse ko magudanar masana'anta, ya tara kuɗin kwalba biyu ya aika da ruwan awo kafin damina ta sauka, ya kuma karanta wa jama'a sakamakon a bainar masallaci.